Filin Wasanni: Tun A Wurin Dashe Ake Cin Dara

Birnin Abuja gari ne na kwalta da siminti. Tun daga ran 3 ga Fabrairu 1976, sa'ad da Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar gina sabon babban birnin Tarayya, har zuwa ran 12 ga Disamba 1991 da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a cikinsa, masu zanen garin sun tanadi wurin kome da kome: ma'aikatu, da kasuwanni, da masallatai, da majami'u, da filayen ƙwallo. Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna da shi, watau ɗan yashin nan na gindin bishiya inda dattijo zai durƙusa ya tona gurabe talatin da yatsa, ya kira abokin hamayyarsa. Saboda haka a tsakiyar birni abin da ido ya fi gani a tashoshin mota da bakin garejin makanikai shi ne diraf a kan allo, da lido, da karta. Dara kuwa, in za a dace da ita, sai an nufi gefen gari, wajen su Zuba da Dei-Dei da Karmo, inda 'yan kasuwar Arewa suka taru kuma ƙasa ba ta ƙare ba tukuna.

Samarin birnin su kuma sun sami tasu darar a cikin kwamfuta da wayar hannu. Daga cikin wasannin yaƙi da ke cikin waɗannan na'urori akwai wani iri da ba a yin sa da saurin yatsa. Bi da bi ake yi: mutum ya motsa dakarunsa ya gama, sa'an nan abokin gaba ya motsa nasa, kuma ba mai hanzarta wani. Dattawa na kallon wannan a kan shiririta ce ta 'yan boko, samari kuma na kallon dara a kan aikin tsofaffin da suka rasa abin yi. Alhali kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Abin da ke kā da sabon shiga a bakin gurbi, shi ne ke sa yaro ya kwana uku yana fama da fagen yaƙi guda a cikin kwamfuta bai wuce ba: kwaɗayin ci tun ba a shirya ƙasa ba.

Kalmar dara a Hausa tana da faɗi. Ana kiran wasan nan na zuba 'ya'ya a gidaje goma sha biyu, wanda Yarbawa ke kira ayo, da sunan dara, har ma darar Turawa da ake kira Chess ta ari sunan. Wadda ake nufi a nan ita ce ta jeri uku. Littattafan Turawa kan danganta ta da Dakarkari na ƙasar Zuru, Zabarmawa kuma a Jamhuriyar Nijar suna kiranta dili, amma duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya san ba baƙuwa ba ce. Ana tona layi 5, kowane layi da gurbi 6, jimla 30 ke nan. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya riƙe karare, wancan ya riƙe tsakuwa, don kada su rikice. Da farko sai dashe: kowa ya sa ɗa guda a gurbin da ya ga dama, bi da bi, har 'ya'ya 24 su ƙare, amma an hana jera uku a wannan lokaci. Bayan haka sai tafiya. Ɗa yana taku ɗaya ne rak, gaba ko baya ko gefe, ba ya tsallake, ba ya bin kusurwa. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya zare ɗa guda na abokin wasansa. Jeri huɗu ba ci ba ne. In 'ya'yan mutum suka koma biyu, shi ke nan an kashe shi, tun da biyu ba sa jera uku.

To, a nan ne lissafi ke shigowa, kuma lissafin ba ya bukatar alƙalami. In an dasa 24 a cikin 30, gurabe 6 kaɗai suka rage a buɗe. Duk faɗan da za a yi, a kan waɗannan shida za a yi shi. Sabon shiga yana dasa 'ya'yansa yana kallon inda suke. Gwani yana dasa nasa yana kallon inda za a bari wayam. Ba ƙarfin ɗa ke da amfani ba, domin duk ƙarfinsu ɗaya ne. Ƙofar da ke gabansa ita ce darajarsa. Ɗan da aka kewaye ta kowane gefe, da shi da babu duk ɗaya, sai dai ya cika ido.

Har ila yau gurabe ba daidai suke ba. In mai karatu ya zauna ya ƙirga, zai tarar hanyoyin jera uku a duk faɗin wasan 38 ne: 20 a kwance, 18 a tsaye. Gurbin lungu, watau na kusurwa, hanya 2 kawai ta ratsa shi, kuma ƙofarsa biyu. Gurabe biyun da ke tsakiyar layi na uku kuwa, kowannensu hanya 6 ta ratsa shi, ga ƙofa huɗu. Shi ya sa ba a taɓa ganin gwani ya fara dashe daga lungu ba, sai fa in yana wasa da jikansa ne. Wanda ya riga kama tsakiya ya tilasta wa ɗan'uwansa bin sa da toshiya, mai toshiya kuwa ba ya gini.

Akwai kuma maganar wanda ya fara. Tun da bi da bi ake yi, wanda ya fara dashe shi zai fara tafiya, ɗayan kuma shi ke da ɗan ƙarshe a hannu. Ɗan ƙarshen nan gurbi ɗaya kaɗai zai iya toshewa. Saboda haka burin mai farawa shi ne ɗansa na goma sha biyu ya buɗe masa hanyar ci biyu a lokaci guda, ta yadda kowacce aka toshe ɗayar na nan. Burin na biyu kuma shi ne ya hango wannan tun daga ɗa na takwas ko na tara, ya lalata shi tun yana ɗanye, domin masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Yan kallo sukan yi hira lokacin dashe, su yi tsit in an fara tafiya. Da sun sani, da sun yi tsit tun farko, don sau da yawa kafin a ɗaga ɗa na fari an riga an san mai kuka.

Babban makamin wannan wasa shi ne doki, har a wasu wurare da sunansa ake kiran wasan ɗungum. Jeri na kullum taku biyu yake ci kafin ya ba da ɗa guda: a buɗe shi, sa'an nan a rufe. A tsakanin buɗewa da rufewa abokin gaba na iya kutsowa ya zauna a gurbin. Doki kuwa shiri ne na 'ya'ya biyar, inda ɗa guda ke kai da kawowa tsakanin gurabe biyu, in ya je ya cika uku, in ya dawo ya cika uku. Kowane taku ci ne. Tun da ci goma ake bukata a mai da 'ya'ya 12 su koma 2, wanda aka hau masa doki bai karya shi da wuri ba, sai dai ya zauna yana kallon ana tsince shi kamar kaza ta sami tsaba.

Amma doki ma suna suka tara. A ɗauka mai kara ya sa 'ya'ya biyu a gurbi na ɗaya da na biyu na layi na biyu, ya sa wasu biyu a ƙarƙashinsu a layi na uku, mahayin kuma yana hawa da sauka a gurbi na uku. Wannan doki ne, amma mai ƙofa da yawa. Duk sa'ad da mahayin ya sauko, gurbin da ya bari yana da ƙofa biyu, ɗaya ta sama, ɗaya ta dama. Mai doki ɗa guda yake iya ci a taku guda. In mai tsakuwa ya kawo 'ya'ya biyu ya tsayar a ƙofofin nan biyu lokaci ɗaya, za a ci ɗaya, ɗayan ya faɗa gurbin, doki ya tsaya cik. Wannan ita ce dabarar karya doki: ba a aika masa manzo ɗaya-ɗaya, don cinye su zai yi ta yi. Biyu ake turawa, a sadaukar da guda.

Dokin da ba shi da magani shi ne wanda ya jingina da bango. Mai kara ya kama gurbi na ɗaya da na uku a layin farko, ya kama na ɗaya da na uku a layi na biyu, mahayin yana zirga-zirga a tsakiyarsu. In ya sauko layi na biyu, gurbin da ya bari a sama ba shi da ƙofa ko ɗaya: dama nasa, hagu nasa, sama bango. In ya hau, gurbin da ya bari ƙofarsa ɗaya ce tak, ta ƙasa, kuma duk wanda ya tsaya a bakinta shi za a fara ci. Abin da ya rage wa mai tsakuwa shi ne ya jera nasa ukun a wani wuri ya zare ƙafar dokin. Ga abin mamaki: a dashe an fi daraja tsakiya, amma dokin kirki a gefe ake ɗaure shi.

Yadda ake hana wannan doki haihuwa yana da ban sha'awa, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Ba a yarda mai kara ya dasa mahayin a tsakiyar ba, tun da zai zama jeri uku, saboda haka zai ajiye shi a gurbi na biyu na layi na uku yana jira. Daga nan hanyar ci uku gare shi: ya hau sama ya cika layi na biyu, ko ya matsa hagu ya cika jerin tsaye na farko, ko ya matsa dama ya cika na uku. Mai tsakuwa in ya ga gurabe biyun nan na tsakiya a buɗe, hannunsa yakan kai ga na sama, don ya ga kamar nan ne zuciyar shirin. Kuskure ne babba. Mai kara zai hau ya cika layi na biyu, ya zare wannan ɗa da aka cusa masa, doki ya buɗe nan take. Gurbin ƙasa shi ne abin toshewa, sa'an nan a lura da gefuna biyun. Kuma ɗan da aka sa a wurin ya zama mai gadi, ba ya motsi ko da an ga ci a kusa.

Wannan ya kawo zancen da ya fi kowanne wuya, watau in an ci, wa za a zare. Sabon shiga yakan zare wanda ya fi kusa da hannunsa, ko wanda ya fi ba shi haushi. Gwani yana da tsari a kansa. Da fari yana duba ko abokin gaba na da ci a takunsa na gaba. In akwai, to, dole a rushe shi, kome daɗin abin da ke wani gefen. In babu, sai ya nemi mai gadin da ya tare masa doki. Amma ɗan abokin gaba da ke kulle a lungu ba ya iya motsi, gwani ba ya taɓa shi. Dalili kuwa shi ne a dara ba a cewa an fasa taku. In layi ya zo kan mutum tilas ya motsa wani abu. In aka cinye masa 'ya'yan da ke yawo aka bar masa na kulle, ranar da zai nemi abin motsawa ya rasa sai mai gadinsa, da hannunsa zai buɗe ƙofar gidansa. A irin wannan wuri ne 'yan kallo kan tafa su ce dara ta ci gida.

Yanzu sai a waiwayi na kwamfuta. Misalin da ya fi dacewa shi ne wani wasa mai suna Battle for Wesnoth, wanda wani mutumin Ostareliya, David White, ya fara ƙirƙira cikin 2003, kuma kyauta ake saukar da shi daga intanet. Labarinsa na tatsuniya ne, da sarakuna da masu sihiri da dodanni da ƙwarangwal masu tafiya. An rarraba taswirarsa gida-gida, kowane gida da kusurwa shida, saboda haka mutum shida ne iyakar waɗanda za su iya taron dangi a kan soja guda. Ana ɗaukar dakaru da zinariya, zinariya kuwa daga ƙauyuka take fitowa: kowane ƙauyen da aka kama yana ba da nasa kason a kowane zagaye, kuma sojan da ya kwana a cikinsa yana samun sauƙin rauninsa da maki 8. Ƙasar da soja ya taka ita ke yanke yawan saran da zai same shi. Mayaƙin Elf, mutanen kurmi, in yana cikin daji sara 4 cikin 10 ke samunsa, a fili 6 cikin 10, in kuwa ya tsunduma cikin ruwa 8 cikin 10. Ga kuma dare da rana, suna juyawa a zagaye shida. Dakarun sarki ƙarfinsu na ƙaruwa da kashi 25 cikin 100 da rana, ya ragu da haka da dare. Dodannin Ok da ƙwarangwal kuwa akasin haka ne.

Mafi shahara cikin jerin yaƙe-yaƙensa shi ne Heir to the Throne, watau Magajin Sarauta, labarin wani saurayi Konrad da tsohon malaminsa Delfador, waɗanda Sarauniya Asheviere ke farauta. A tsarin da aka daɗe da saninsa, fagen farko ma ba na ci ba ne, na gudu ne. Dodanni sun kewaye dajin, abin da ake so kawai Konrad ya kai bakin hanya da ransa. Yaran da suka tsaya wai sai sun ga bayan dodanni, a nan suke fara shan kashi. Mutanen wannan yanki bai kamata a koya musu wannan darasi ba. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau da ya ga Zariya ba ta riƙuwa a zamanin jihadi, kudu ya yiwo ya sauka Zuba, ƙanensa Abu Ja kuma ya kafa gari cikin 1828 a tsakanin duwatsu, aka yi ta kai masa hari ba a ci shi ba. Garin nan shi ne Suleja ta yau, kuma sunansa na asali ne babban birnin Tarayya ya gāda. Wanda ya bar gurbin da ba ya riƙuwa ya koma wanda ke riƙuwa ba a ce masa rago.

Fagen da ya yi ƙaurin suna wajen karya masu koyo shi ne kewaye birnin Elensefar. Birnin yana kan tsibiri a cikin kogi, dodanni sun mamaye shi, a bayansu kuma ta arewa akwai wani matsafi a cikin kogo yana tayar da ƙwarangwal. Konrad yana tasowa daga kudu, kuma Delfador ba ya tare da shi wannan karon. Sai an kashe shugabannin nan biyu kafin wa'adi ya cika. Abin da kusan kowa ke yi a karo na farko shi ne ya tara mahaya dawaki ya yi sukuwa zuwa gada. Yana isa magariba na yi. Gada ƙunci gare ta, mutum ɗaya ko biyu ne ke iya faɗa, sauran sun yi cincirindo a baya ko sun faɗa ruwa, dodanni kuwa ƙarfinsu ya kawo, ga su da araha, zinariya 12 kowane ɗaya. Kafin gari ya waye an gama da rundunar.

Maganin abin shi ne maganin dara. A fara da dashe. A kama ƙauyukan kudu duka, a ja layi nesa kaɗan da bakin ruwa, inda akwai daji da tudu, a sa masu tauri a gaba, masu warkarwa a bayansu. Sa'an nan a yi haƙuri. Kwamfuta ba ta iya zama. Da ta hango abin duka sai ta taho. In dodanni suka ƙetaro, su ne za su tsaya a mugun wuri, ɗaya-ɗaya, kowanne ya tarar da mutum uku na jiransa. Layin nan kuma kada a bari ya yi ɓaraka, domin a wannan wasa duk sojan da ya shiga gidan da ke maƙwabtaka da abokin gaba dole ya tsaya nan, saboda haka soja kaɗan da aka jera da tazara mai kyau suna iya rufe hanya mai faɗi, kamar dai yadda mai gadi guda ke tsare doki. Wanda ya ji rauni a janye shi baya ya warke, a sa wani a gurbinsa. Da asuba, in ƙarfin dodanni ya sauka kuma yawansu ya ragu, sai a ƙetare gaba ɗaya. Akwai wasu ɓarayin birnin da ke zuwa su miƙa wuya. Amfaninsu shi ne sukar baya, wadda ke ninka rauni in akwai wani nasu a ɗaya gefen abokin gaba, amma ba su da jiki, ba a sa su riƙon layi. In an kama birni sai a canza makami. Takobi da kibiya ba sa yi wa ƙwarangwal wata illa mai yawa, sai wuta da gudumā, saboda haka a ajiye zinariyar ɗaukar masu sihiri, waɗanda jifarsu ke samu sau 7 cikin 10 ko ina abokin gaba ya ɓuya.

Amma gaskiyar magana ita ce ba a Elensefar ake cin Elensefar ba. A wannan wasa sojan da ya rayu yana bin mutum zuwa fage na gaba, ana dawo da shi da zinariya 20 kome girman muƙaminsa, kuma wani kaso na dukiyar da ta rage shi ma yana biyo baya, har da ladan gamawa da wuri. Soja na ƙara muƙami ne da gogewa, kuma wanda ya yi saran ƙarshe shi ke kwashe rabo mai tsoka: maki 8 in ƙaramin abokin gaba ya kashe, 16 in mai daraja ta biyu ne. Mai hangen nesa yakan sa manyan barade su raunana dodo, sa'an nan ya bar wa ƙaramar mai warkarwa ko ɗan koyon sihiri su ƙarasa, don su girma. Wanda ya bar jarumi guda yana lashe kome a fagagen baya, ko ya yi ta zubar da dakaru don ya gama da sauri, zai iso bakin kogin nan hannu rabbana, kuma ba dabarar da za ta fisshe shi. Sai ya koma baya fage biyu ko uku ya sake dashe. Tambayar wa za a bar wa saran ƙarshe, ita ce dai tambayar wa za a zare in an jera uku.

Bambanci ɗaya ne na gaske a tsakaninsu, kuma dara ce ke da girma a nan. A cikin kwamfuta akwai sa'a: sara na iya kuskurewa sau uku a jere ko da lissafi ya ce zai samu, shi ya sa mai hankali kan tanadi abin da zai yi in an kuskure, ba ya jingina ran shugabansa a kan sara guda. Akwai kuma ƙofar baya, domin mutum na iya ajiye wasa, in abu ya ɓaci ya koma ya sake jefawa har sa'a ta faɗo masa. Mai yin haka zai wuce fagen, amma bai koyi kome ba, kuma fage na gaba na nan na jiransa. A dara ba sa'a, ba ɓoyo, kome a fili yake, kuma ɗan da aka ɗaga aka ajiye ya zaunu. Wanda ya ce zai mai da taku, 'yan kallo ma sun ishe shi. Ba a musun cewa malamai sun daɗe suna faɗa a kan masu mai da ita caca, da masu jin kiran salla su ce bari a ƙarasa wannan. Faɗan nan daidai ne, kuma ya hau kan mai waya a hannu kamar yadda ya hau kan mai tsakuwa. Sai dai laifin na mai wasa ne, ba na gurbi ba.

Abin takaici shi ne yadda wasa mai zurfi haka ya zama maraya. Cikin Afrilu 2024 wani ɗan Nijeriya, Tunde Onakoya, ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York a Amurka ya yi sa'a 60 yana buga darar Turawa, duniya ta juyo tana kallonsa, kuma tun 2018 ƙungiyarsa ke koya wa yaran unguwannin talakawa na Ikko wannan wasa. A Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda Abuja ta karɓi baƙuncinta cikin Disamba 2018, an san dambe da kokawa da langa da ayo a sahun wasannin gargajiya. Darar jeri uku ita ma ta cancanci kujera a wannan sahu, kuma ba ta bukatar filin miliyoyin Naira. Kafinta guda a Dei-Dei zai iya fafe gurabe 30 a jikin katako kafin azahar, murafun kwalba iri biyu kuma sun isa 'ya'ya. Da haka rashin yashi a Garki ko Wuse ya daina zama hujja, kuma makarantun firamare na birnin za su sami abin koyar da lissafi wanda ba ya jiran wutar lantarki.

Abin da zai hana gasa tsayuwa shi ne ƙa'ida, domin kowane gari da irin tasa, kuma a ka take, ba a takarda ba. Bakatsine da Bazabarme in suka zauna, kafin a dasa ɗa na fari sai an yi gardama. A wani wuri an hana jera huɗu sam, a wani wurin ana yarda a jera amma ba a ci da shi. Wasu sun ce ba a zare ɗa daga cikin ukun da suka riga suka jeru, wasu sun ce kowanne halal ne, wannan kuwa yana canza lissafin karya doki ƙwarai. Akwai masu tona layi shida maimakon biyar. Akwai kuma maganar mutumin da aka kulle ƙaf ya rasa taku: an kashe shi ke nan, ko kuwa tilas abokin wasansa ya buɗe masa hanya? Ana roƙon masu karatu na Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Zuru, har da na Maraɗi da Damagaram, su tambayi dattawan unguwarsu waɗannan abubuwa huɗu, su rubuto wa wannan fili yadda ake yi a garinsu, tare da sunayen da suke kiran dashe da doki da mai gadi, za a buga su gari-gari yadda suka iso.